Ramin Gindin Katanga

Saura ƙiris in bar wannan labarin a cikina, domin masu shi suna nan da ransu, kuma lungu ɗaya muke bi. Sai dai abin da aka yi wa Zuwaira ya hana zuciyata sakat. Ga yadda aka yi.

"Fito nan, munafuka! Fito ki ga aikin hannunki!"

Allurar da ke hannun Zuwaira ta suɓuce ta faɗi a kan tabarma. Muryar Hajiya Mairo ce, mahaifiyar Jumare, wanda aka kawo kayan baikonsa da Zuwaira gidansu bayan ƙaramar salla. Katangar ƙasa ɗaya ce ta raba gidajen biyu a cikin birnin Zariya, amma Hajiya ba ta taɓa shigo musu ba sallama ba sai yau.

"Hajiya... ina wuni..."

"Riƙe gaisuwarki! Wuce mu je!"

Ta damƙi wuyan hannunta ta ja ta ta cikin lungu, ko takalmi babu a ƙafarta. Innarta tana biye tana salati.

Tsakar gidan Hajiya cike yake da matan maƙwabta. A bayan madafa, daidai gindin katangar, ga wani rami ya buɗe baki. Kusa da shi an ajiye faifai, a kansa akwai curin farin gashi, da guntayen zare ja da kore, da rabin wata hula da aka yi wa kaca-kaca.

Zuwaira ta ƙura wa faifan ido. Ta san hular.

"Ina shara na gani," in ji Khadijat, 'yar ƙanin Hajiya da ke zaune a gidan, wadda kowa ya san ita Hajiya ta so wa ɗanta. "Wallahi Gwaggo har yanzu jikina rawa yake. A inda ake dafa abincin Yaya aka binne!"

"Khadijat..." Zuwaira ta juya ta dube ta. "Ba ke kika ba ni hular nan ba?"

"Ni?! La'ilaha illallahu! Gwaggo kin ji wani sharrin ko? Ni me ya haɗa ni da ke?"

Ita ce kuwa ta ba ta. Zuwaira mai ɗinkin hula ce, ta so ta ɗinka wa Jumare wadda zai sa ranar ɗaurin aure ba tare da ya sani ba. Ta roƙi Khadijat ta ɗauko mata tsohuwar hularsa ta gwada girman kai. Amma ta yaya budurwa za ta buɗe baki gaban surukarta ta ce ga abin da take shirya wa ɗanki? Kunya ta ɗaure mata harshe tamau.

Ana cikin haka Jumare ya shigo daga kasuwar hatsi, dusar masara duk a kafaɗarsa. Ya dubi faifan. Ya dubi ramin. Can ya ɗago ya dube ta.

"Zuwaira, wannan hulata ce ko ba ita ba ce?"

"Ita ce..."

"A hannunki take?"

"E... amma Yaya Jumare..."

"Gashin nan fa?"

"Na zomona ne. Na Auduga."

Matan suka ɗauki salati gaba ɗaya.

Jumare ya yi wata dariya marar daɗin ji.

"Shi ya sa mana! Ina awo in riƙa ganin fuskarki a cikin mudu. Abinci ba ya wuce min sai na ji muryarki. Ni ina ta cewa so ne... ashe ɗaure ni aka yi kamar ɗan akuya!"

"Kada ka ce haka... don Allah kada ka ce haka..."

"Matsa daga gabana!"

"Ka dai gode wa Allah da ya tona asirinta tun ba ta shigo ba," in ji Hajiya. "Shiru-shiru ba tsoro ba ne, mugunta ce a dunƙule. Ku fice min daga gida!"

A gida ma ba sauƙi. Yayanta Ɗanjuma, wanda shi ne uba gare ta tun rasuwar mahaifinsu, ya dinga safa da marwa a tsakar gida.

"Na san ba ki san hanyar boka ba. Amma uban me hular namiji take yi a wurinki? Kin ba su sandar dukanmu da hannunki!"

Ta sunkuyar da kai tana hawaye.

"Ki yi magana mana! Kullum ke kenan sai kuka?"

Ko da ta faɗa masa gaskiyar, tsaki kawai ya ja. "To ta yaya ta tsallaka katanga? Fiffike gare ta?"

Wannan kam ba ta sani ba. Abin da ta sani, ta ɓoye hular a kwando cikin tsohon ɗakin ajiya inda zomayenta suke, don kada Yaya ya gani. Wata rana ta duba babu ita, tsoro ya hana ta faɗa wa kowa.

Kafin sati ya zagayo unguwa ta ɗauka. Masu kawo mata ɗinki suka aiko a ba su kayansu haka nan ba a gama ba. In ta je famfo 'yan mata su janye bokitansu. Labari ya iso cewa malamin Hajiya ya ba Jumare rubutu yana sha safe da yamma, kuma ya ce kada a toshe ramin sai an gama zuba masa nasa rubutun kullum bayan la'asar.

Rannan suka yi kiciɓis da Jumare a lungu. Ya dawo daga masallaci, ita kuma an aike ta niƙa.

"Yaya Jumare, ka tsaya ka ji ni ko sau ɗaya..."

Ya manne da bango kamar wanda ya ga maciji.

"A'uzu billahi! Kada ki ƙara kiran sunana. Na fara samun sauƙi, kar ki mai da ni baya."

Sauƙi.

Wato ita ce cutar.

Da ta koma gida ta tarar da Ɗanjuma yana wasa wuƙa a kan dutse.

"Zomayen nan su suka ja mana. Har a majalisa ana ce min yayan mai zomon tsafi. Gobe zan huta da su."

"Yaya don girman Allah! Bari in mayar da su inda na samo su."

"Ki yi yau. In rana ta faɗi suna gidan nan, ba ruwana."

Ta ɗauki kwali ta tura ƙofar ɗakin ajiyar. Rabon da ta tsaya ta dube su da kyau har ta manta, tura musu dusa da ruwa kawai take ta ja ƙofa. Ƙasan ƙyauren duk sun gwaguye shi. Toka, mai ruwan toka, tana zagaya ɗakin ba tsayawa, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Auduga kuwa ta buga ƙafar baya da ƙasa, dam! Da Zuwaira ta kai hannu sai ta gartsa mata cizo a yatsa.

"Wayyo! Auduga, har da ke?"

Da ta ɗaga ta sai ta ga ƙirjinta tas, ba gashi, fatar ta yi ja.

Napep ya sauke ta a Wusasa, ƙofar gidan Mama Ethel, tsohuwar malamar makaranta da Zuwaira take yi wa 'ya'yanta hulunan Kirsimeti. Ita ta ba ta zomayen tun suna 'yan mitsi-mitsi.

"Mama, na dawo miki da su. Ina jin ba su da lafiya... ko kuma wani abin aka yi musu."

Mama Ethel ta gyara tabarau ta juya Auduga, ta duba haƙoranta da kunnuwanta.

"Ba abin da aka yi musu, 'yata. Ke kika yi musu. Yaushe rabon da su fito tsakar gida?"

Zuwaira ta tuna. Tun ranar da ta fara hular Jumare, Toka ta cinye mata ƙullin zare, ta kulle su. Damina ba ta sauka ba a lokacin, ga shi har an fara girbi.

"Kin gani? Da can ba kina sakin su safe da yamma ba? Suna tsalle, suna bin ki?"

"Ina yi, Mama."

"To zomo ba kaza ba ne da za ki watsa wa tsaba ki tafi. Zaman banza yana haukata shi. Haƙorinsa kullum tsiro yake, dole ya samu abin gwaguya. Ƙafarsa ta tono ce. In kin hana shi fili, kin hana shi abin yi, sai ya ci ƙofa, ya ci tsumma, ya ciji mai shi. In abin ya yi yawa ya koma tsige gashin jikinsa. Musamman mata irin naki."

Ta nuna mata wurin nata zomayen. Ga tsibin yashi sun huda shi ta ko'ina, ga rassan gwaiba da aka gwaguye, ga kwalaye masu ƙofa biyu, ga harawa rataye sai sun miƙe tsaye kafin su ci.

"Ɗakin naki siminti ne?"

"A'a, daɓen ƙasa ne."

Mama Ethel ta tafa hannu. "Daɓen ƙasa, a gidan ƙasa? To maza je ki duba gindin bangonki tun bai faɗo muku ba. Na rantse akwai rami. Kuma duk abin da ya ɓace miki a ɗakin nan yana can ciki, shimfiɗa suka yi da shi."

Zuwaira ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba.

"Mama... me kika ce?"

Ba ta bar zomayen ba. Da su ta koma, kwalin a kan cinyarta har napep ya shiga ƙofar gari.

Ɗanjuma ya taso da faɗa da ya ga kwalin. Ita kuwa ta wuce ɗakin ajiya ta kama wata tsohuwar randa fasasshiya da ke jingine da katanga.

"Yaya, kama min."

Suka gusar da ita. Ga jar ƙasa tsibi guda. Ga rami ya nutsa ƙarƙashin katangar Hajiya Mairo.

Ɗanjuma ya riƙe baki. "Kan uba! Bari in je in same su yanzun nan!"

"In ka faɗa da baki cewa za su yi mu muka haƙa." Ta share fuskarta da gefen hijabi. "Riƙe Auduga a nan. In ka ji muryata ta bayan katanga, ka sake ta cikin ramin."

"Ke za ki shiga gidan? Ke?"

"Ni aka yi wa."

Ta tsinko ganyen dankali a bayan ɗaki ta fita. Ta nufi gidan Hajiya kai tsaye.

An idar da la'asar kenan. Hajiya tana tsaye kan ramin da ƙwaryar rubutu, Jumare a gefenta, Khadijat da wasu mata suna kallo.

"Salamu alaikum."

Ba wanda ya amsa.

"Lalle yarinyar nan idonki ya bushe!" in ji Hajiya. "Wani kika zo binnewa?"

"Ga shi nan a hannunta, Gwaggo! Ganye ne!"

"Zuwaira, fita tun ban yi abin da zan yi nadama ba," in ji Jumare, ko kallonta bai yi ba.

Ta ratsa ta tsakaninsu ta durƙusa a bakin ramin. Ta ajiye ganyen. Ta tsotsi leɓenta irin kiran da take musu da can, sannan ta ɗaga murya iya ƙarfinta.

"Auduga! Zo... zo 'yar gari!"

Shiru.

"Aljanunta take kira!" Khadijat ta ja da baya tana dafe ƙirji.

"Auduga... zo mana..."

Babu ko motsi. Dabbar da ta yi watanni ba ta kula ba, wadda ta cije ta ɗazun nan, don me za ta amsa kiranta? In ba ta fito ba, shi kenan, ta ƙara wa kanta wani sunan da har ta mutu ba zai goge ba.

"Jumare, fitar min da ita!" Hajiya ta daka tsawa.

Ya tako. Har inuwarsa ta rufe ta.

Sai ƙasa ta ɗan zubo daga bakin ramin.

Wani ɗan hanci ya leƙo yana motsi, ja-jawur da ƙasa. Dogayen kunnuwa suka biyo. Auduga ta fito tsaf, ta karkaɗe jiki, ta dubi taron, ta buga ƙafa dam, ta kama cin ganyenta.

Ƙwaryar ta kuɓuce daga hannun Hajiya.

Ta bayan katanga muryar Ɗanjuma ta taso. "Bokan ya iso ko? Ku gaishe shi da kyau!"

Wata tsohuwa ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Oh ni! Mairo, ashe zomo kike yi wa wankan rubutu!"

Zuwaira ta ɗaga Auduga ta nuna ƙirjinta. "Ga inda gashin ya fito. Ni na kulle ta, ta rasa abin yi. Hular a ɗakinsu na ajiye, ta ja ta ta yi shimfiɗa."

"To ai... ai zomon ma aiko shi ake yi!" in ji Khadijat.

Jumare ya juya a hankali.

"Khadijat. Wa yake share min ɗaki?"

"Yaya ni fa..."

"Zuwaira ba ta taɓa taka ɗakina ba. Wa ya fitar da hular?"

"Cewa ta yi... cewa ta yi awo za ta yi, wai za ta ɗinka maka ta biki... ni na manta ne..."

"Kin manta?! Kika rantse gaban mutane kin manta?"

Khadijat ta ruga ɗaki tana kuka. Hajiya ta gyara ɗaurin zane, fuskarta ba alamar sassauci.

"Ko ma mene ne, dabbarki ta huda min katanga. Kuma yarinyar kirki ba ta karɓar kayan namiji a ɓoye."

Zuwaira ta rungumi zomonta ta fita.

Kafin magariba aka ce ana sallama da ita a zaure. Ta so ta ƙi, Inna ta ce ta je ta ji.

Jumare ne, yana tsugune, ba a kan tabarma ba, a ƙasa.

"Zuwairata... sanyin idona..."

"Sunana Zuwaira."

"Na yi kuskure. Wallahi na yi kuskure babba. Sharrin shaiɗan ne da na Khadijat. Gobe za a mayar da ita gidan ubanta, na rantse miki. Hajiya ma za ta sauko, ki bar ni da ita."

Ta tsaya daga bakin ƙofa, idonta a ƙasa.

"Ki ce wani abu, hasken raina. Ko zagina ne ki yi."

"Ka gama shan rubutun?"

Ya ɗago a firgice. "Haba Zuwaira..."

"Ka ce ka fara samun sauƙi. Ina tambaya ne ko ka warke."

"Don Allah ki daina. Ban taɓa daina son ki ba, ko ina shan abin nan ke nake gani!"

"Da ka gan ni me kake cewa? Ba a'uziyya kake yi ba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tun ina 'yar ƙarama ka san ni, Yaya Jumare. Kai kake raka ni makarantar allo in karnuka sun tare lungu. Na tsaya gabanka ina kuka, na ce ka ji ni sau ɗaya, ka manne da bango." Ta ɗago ta dube shi. "Zomo ya fito ka yarda. Ni ban isa ba."

"Kowa ya ga abin nan a faifai zai tsorata..."

"Yayana ya gani. Ya yi min faɗa kamar zai dake ni, amma cewa ya yi ya san ban san hanyar boka ba."

"To ki ba ni dama in gyara. In kin shigo gidana..."

"In na shigo gidanka, ranar da ka yi zazzaɓi fa? Ranar da kasuwa ta ƙi? Wane faifan za a ajiye min? Ba kullum zan samu zomon da zai yi min shaida ba."

"Zuwaira, kar ki kashe ni da raina!"

Ladan ya ɗaga murya daga masallacin unguwa.

"An kira salla," ta ce, ta juya ciki.

Washegari da hantsi ta ce wa Ɗanjuma ya kira kawunsu a mayar da kayan baiko. Ya dube ta, sannan ya sa takalmi ya fita.

Ita kuma ta buɗe ɗakin ajiya ta bar ƙofar a wangale. Toka ta fara leƙowa, ta yi wani tsalle ta murɗe a sama, ta zagaya tsakar gida da gudu har Inna ta ɗage ƙafa tana faɗa. Zuwaira ta juye musu yashi a inuwar ɗaki, ta jefa rassan gwaiba, ta huda kwalin jiya ta gaba da baya. Auduga ta faɗa yashin da ƙafa huɗu tana watso shi ta ko'ina.

Sannan ta ɗebo jar ƙasar da suka tono, ta zuba ruwa da ɗan ciyayi, ta kwaɓa da hannunta. Ta durƙusa a bakin ramin.

"Zuwaira..."

Ta cikin ramin muryar ta fito, a dishe. Yana can ɗaya gefen, kwance a ƙasa bayan madafar uwarsa.

"Na ji motsinki. Na san ke ce. Ki yi min magana ko kalma ɗaya ce, masoyiyata..."

Hawaye ya ɗiga a kan kwaɓin. Ta tura dutse cikin ramin, ta ɗebi ƙasa cike da hannu biyu ta liƙa.

"Zuwaira! Zuwai..."

Ta ƙara wani, ta ƙara wani, har ta daina jin komai. Ta shafe wurin da tafin hannu ya yi sumul, ta je ta wanke hannunta.